Gidaje masu sauƙin kuɗi da tattalin ruwa a lokacin fari: tambayoyi da amsoshi

Da zarar madatsun ruwa sun ja baya, hukuma ta fara roƙon jama'a su rage wanka da wanki, sai a ji wata magana ta taso: a dakatar da gina sababbin gidaje tukuna. Maganar tana da daɗin ji, wani lokaci ma gaskiya ce. Sai dai gidajen da aka fi saurin dakatarwa su ne na masu ƙaramin ƙarfi, alhali su ne mafi ƙarancin cin ruwa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wane gida ake kira mai sauƙin kuɗi?

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa, wanda ma'aikatar gidaje ta Amurka ta daɗe tana aiki da shi, shi ne kada kuɗin haya ko na biyan bashin gida, haɗe da na wuta da na ruwa, su wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da iyali ke samu. A lura, ruwa na cikin lissafin. Gidan da hayarsa ke da arha amma kuɗin ruwansa na karya ƙugu, ko famfonsa ba ya kawowa sai an kira mai tanka, bai ci sunansa ba.

Ruwan bai ishi waɗanda ke cikin gari ba. Ina hikimar ƙaro gidaje?

Mai wannan tambaya ya ɗauka gini ne ke shan ruwa. Mutane ne ke sha, kuma da yawa daga waɗanda za su shiga gidajen rahusa suna cikin garin tun da farko: malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, direba, mai gadi, mai shara. Suna nan a cunkushe, iyali biyu ko uku a gida guda, ko a tsohon gini mai ruɓaɓɓun bututu. Hana su gida ba zai hana su girki da wanka ba. Iyakarta dai a bar su a wurin da masai ke ɓarar da lita 13 ko fiye a kowace kora, maimakon sabon gida da zai kore da lita 6.

Sannan ba dole ba ne yawan jama'a ya tafi kafaɗa da kafaɗa da yawan ruwan da gari ke ci. Birnin Los Angeles na Amurka ya ƙaru da mutane kusan miliyan ɗaya daga 1970 zuwa yau, amma ruwan da yake amfani da shi bai wuce na wancan lokacin ba. Yankin Las Vegas, wanda ke tsakiyar hamada, ya samu ƙarin mutane fiye da 700,000 tun 2002, kuma abin da yake ci daga kogin Colorado raguwa ya yi. Babu wata dabara ta ɓoye a nan. Sun sauya kayan banɗaki, sun biya mutane kuɗi su tumɓuke ciyawar ado, sun kuma riƙa tace ruwan da aka yi amfani da shi a cikin gida suna mayar da shi tafkin Mead, inda suke ɗebowa.

To wa ke shanye ruwan?

A duniya baki ɗaya, noma ne ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ake ɗiba daga koguna da tafkuna da ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ake yawan wannan gardama, noma na cin kusan kashi 80 na ruwan da mutane ke amfani da shi, birane su raba sauran. A cikin kason biranen ma, kusan rabinsa a waje yake ƙarewa, wajen ban ruwan ciyawa da furanni da cika wuraren ninƙaya. Wannan ba zagin manomi ba ne, abincin da kowa ke ci yake nomawa. Ana faɗa ne don a san girman kowane ɓangare kafin a ɗora wa ƙaramin laifi.

Abin da ya faru a Cape Town ta Afirka ta Kudu ya fi fito da batun fili. A farkon 2018, bayan shekaru uku na ƙarancin ruwan sama, birnin ya kusa rufe famfunansa. An ƙayyade wa kowa lita 50 a rana, aka kuma shirya cewa idan madatsun suka sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari, jama'a za su riƙa bin layi suna karɓar lita 25. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature Sustainability a 2023 ya gano cewa masu hannu da shuni, waɗanda ba su kai kashi 14 cikin ɗari na mutanen birnin ba, su ke cin fiye da rabin ruwansa. Talakawa kuwa, da suka haura kashi 60, abin da suke amfani da shi bai kai kashi 30 ba. Duk da haka, a lokacin da abin ya yi tsanani an sha nuna yatsa ga unguwannin marasa galihu, ana cewa su ke ɓarna. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wane irin gida ne ya fi cin ruwa?

Gida guda a tsakiyar makeken fili, da ciyawa gaba da baya. A cikin ɗaki, bambancin mai kuɗi da talaka ba shi da yawa, don kowa ciki ɗaya gare shi, wankan ma akwai iyakarsa. A farfajiya ake samun tazarar. Bene mai iyali 40 da ke tarayya a tsakar gida ɗaya yana buƙatar ban ruwa kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da gidaje 40 kowanne da lambunsa. Bututun da zai kai masa ruwa ma gajere ne, kuma gajeren bututu wuraren yoyonsa kaɗan ne.

Saboda haka garin da ya hana bene a tsakiyarsa da sunan fari, ya bar gidaje na bazuwa a gefensa, ya zaɓi hanyar da ta fi cin ruwa.

Akwai inda aka taɓa hana gini saboda ruwa? Me ya biyo baya?

Akwai, da dama. Ƙauyen Bolinas da ke bakin teku a Kalifoniya ya daina ba da sababbin mitocin ruwa tun 1971. Garin Cambria na jihar ya bi sahu a 2001. A irin waɗannan wurare mita kan zama dukiya mai zaman kanta, gidajen da suka riga suka samu sai farashinsu ya yi sama, ma'aikatan da ke yi wa garin hidima kuma su koma kwana nesa. A kudancin Ingila, hukumar kare muhalli ta Natural England ta sanar a 2021 cewa a wani yanki na Sussex ba za a amince da sabon gini ba sai an nuna ba zai ƙara yawan ruwan da ake ɗiba ba, lamarin da ya tsayar da dubban gidaje na tsawon shekaru.

Labarin da ya fi koyarwa shi ne na East Palo Alto, wani ƙaramin gari na masu ƙaramin ƙarfi da ke kewaye da manyan kamfanonin fasaha na Amurka. A 2016 garin ya dakatar da ba da sabon famfo, har aikin gidajen rahusa 120 ya tsaya. Mutanensa kuwa na cikin mafi ƙarancin amfani da ruwa a yankin. Matsalar ita ce kason da aka yanka masa shekaru da dama da suka wuce ya yi kaɗan, maƙwabtansa masu arziki kuma suna da rarar da ba sa taɓawa. A 2017 birnin Mountain View ya sayar masa da haƙƙin galan miliyan ɗaya a rana, wato kusan lita miliyan 3.8, a kan dala miliyan 5. Birnin Palo Alto, wani maƙwabcin nasa, shi ma ya ba shi rabin haka daga baya, aka ɗage haramcin a 2018. Ko ɗigo ɗaya ba a ƙara wa madatsa ba. Takardar rabo aka gyara.

Ke nan duk wanda ya ce babu ruwa yaudara yake yi?

A'a. Akwai wuraren da ruwan ya gaza da gaske, musamman inda aka dogara da na ƙarƙashin ƙasa. Wannan ruwa ya taru ne cikin dubban shekaru, idan aka zuƙe shi fiye da yadda yake komawa, rijiyoyi su ƙafe, ƙasa ta lotsa, a bakin teku kuma ruwan gishiri ya kutso. A watan Yuni na 2023 gwamnar jihar Arizona ta Amurka, Katie Hobbs, ta sanar cewa jihar ta daina ba sababbin unguwannin da za su dogara da ruwan ƙarƙashin ƙasa a kewayen birnin Phoenix takardar shaidar wadatar ruwa, domin lissafi ya nuna ba zai kai shekaru 100 ba. Wannan mataki na da hujja. Gina wa talaka gida a inda famfo zai ƙafe kafin ya gama biyan bashi zalunci ne, ko da an kira shi taimako.

Hanya mafi sauƙi ta gane mai gaskiya ita ce a duba abin da haramcin ya shafa. Idan an hana gidajen haya amma an bar sabon otal, da filin wasan golf, da wurin ninƙaya a bayan gidaje, to ba ruwa ake karewa ba. Wanda tsoron fari ya kama da gaske, daga manyan masu ci yake farawa.

Me doka ke buƙata kafin a ba da izinin gini?

Kowace ƙasa da tsarinta. Arizona ta kafa doka tun 1980 cewa a yankunan da ake sa ido a kansu, mai gina unguwa sai ya tabbatar da ruwan shekaru 100. Kalifoniya ta yi dokoki a 2001 da suka wajabta a tantance wadatar ruwa ga duk aikin da ya haura gidaje 500, har da lissafin shekarun fari a jere. A Ingila ƙa'idar gini ta ce a tsara sabon gida yadda mutum ɗaya ba zai wuce lita 125 a rana ba, ƙananan hukumomin da ke fama da ƙarancin ruwa kuma za su iya sauko da shi zuwa 110. Jihar New South Wales ta Ostireliya, tun 2004, tana neman sababbin gidaje su rage amfani da ruwan famfo da abin da ya kai kashi 40 cikin ɗari.

Akwai wata doka ta Kalifoniya ta 2005 da ba a cika ambata ba, ga ta kuwa da muhimmanci: ta umarci hukumomin ruwa su ba ayyukan da ke ɗauke da gidajen masu ƙaramin ƙarfi fifiko wajen haɗa famfo. Dokar ta amince cewa ruwa na iya yin kaɗan, sai ta faɗi wanda za a fara ba.

Kayan tsimin ruwa ba za su ƙara wa gidan tsada ba?

Waɗanda suka fi amfani su ne mafi arha. Masai mai kora da lita 6 ya zama doka a Amurka tun dokar 1992, Kalifoniya ma ta sauko zuwa lita 4.8, kuma farashinsa bai bambanta da na tsohon yayi ba. Ɗauki iyali mai mutum 5, kowa ya kora sau 5 a rana. Tazarar lita 13 da lita 6 ta ba da lita 175 kullum, kusan lita 64,000 a shekara, daga abu ɗaya tak. Haka kan shawa mai rage gudun ruwa, da ɗan rariyar da ake ɗaura wa bakin famfo don ta gauraya ruwa da iska. Sa su tun ana gini bai kai ya kawo ba. Fasa bango daga baya shi ne mai tsada.

Inda tsada ke shigowa shi ne sharuɗɗan burgewa, irin su wajabta wa kowane ƙaramin bene injin tace ruwa nasa na kansa. Waɗannan na da kyau a takarda, amma suna iya sa aikin gidajen rahusa ya gagara, kuma gidan da ba a gina ba bai tsimta wa kowa komai ba.

Mene ne tsarin ramuwar ruwa da ake yawan magana a kai?

Shi ne a ce wa mai gini: ruwan da sabon gininka zai ci, je ka tsimto shi a wani wuri. Birnin Santa Fe na jihar New Mexico ta Amurka ya yi haka daga farkon shekarun 2000, inda magina suka riƙa biyan kuɗin sauya tsofaffin masai a gidajen da ke nan, kafin a ba su izini. Dabara ce mai kyau, musamman idan gidajen talakawa aka gyara, don sun samu sauƙin kuɗin ruwa ba tare da sun kashe ko sisi ba. Aibinta biyu ne. Tsofaffin masai na ƙarewa, daga nan kowace lita sai ta ƙara tsada. Kuma kuɗin ramuwar kan ƙare a cikin farashin gidan. Mai gina katafaren gida zai biya bai ji ba, mai gina gidajen rahusa kuwa zai iya durƙushewa, shi ya sa ya kamata hukuma ta ɗauke masa ko ta rage masa.

Ya dace a sa wa kowane ɗan haya mitarsa?

Galibi ya dace. Idan mita ɗaya ce ga bene duka, mai tattali da mai ɓarna kuɗi ɗaya suke biya, yoyo kuma ba a san daga ina yake ba. Kalifoniya ta wajabta mita ga kowane sashe a sababbin gidajen haya daga 2018. Amma fa a kula da wani abu: ɗan haya ne zai biya, alhali mai gida ne ke da ikon gyara bututu. In ba a ɗora wa mai gida wa'adin gyara ba, mita ta zama hanyar sauke masa nauyi a kan wanda ba shi da laifi.

Tsarin farashi mai hawa-hawa, inda litocin farko ke da arha sannan kuɗin ya riƙa ƙaruwa, shi ma yana da tarko. Yana lissafi da gida, ba ya ƙirga kawuna. Afirka ta Kudu ta fito da lita 6,000 kyauta a wata ga kowane gida a 2001, bisa lissafin lita 25 a rana ga mutum 8. Gidan da ke da mutum 14 kuwa zai faɗa matakin tsada da wuri, ba don ɓarna ba, sai don yawa, yayin da attajirin da ke zaune shi da matarsa kaɗai ke cikin matakin arha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum na buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don biyan buƙatunsa na yau da kullum. Wannan kaso bai kamata farashi ya taɓa shi ba, komai tsananin fari.

Tara ruwan sama fa?

Lissafinsa mai sauƙi ne: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na rufi yana ba da lita 1. Rufi mai murabba'in mita 60 a wurin da ake samun milimita 400 a shekara zai tara lita 24,000, in ba a yi asarar komai ba. Ga iyali ɗaya wannan taimako ne. Ga bene mai hawa biyar da iyalai da yawa ke ƙarƙashin rufi guda, kason kowa kaɗan ne. Kuma tanki kan bushe ne daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Jihar Tamil Nadu ta Indiya ta wajabta tara ruwan sama a gine-gine tun 2003, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ɗan farfaɗo, amma hakan bai hana madatsun birnin Chennai ƙafewa a 2019 ba. A ɗauke shi a matsayin ƙari.

Za a iya sake amfani da ruwan wanka da wanki?

Ƙwarai. Ruwan wanka da na wanki na iya shayar da bishiyoyi ko kore masai, muddin ba a ajiye shi ya wuce kwana ɗaya ba, don yana saurin wari, kuma ba a haɗa bututunsa da na ruwan sha ba. Wahalar tana wajen kulawa. Injin tacewa a cikin bene yana son ma'aikaci da kayan gyara da kuɗin wuta, gidajen rahusa kuwa su ne aka fi bari babu kasafin gyara.

A matakin birni abin ya fi tafiya daidai. Windhoek, babban birnin Namibiya, yana tace ruwan ƙazanta ya mayar da shi na sha tun 1968. Singafo, inda kusan mutum 8 cikin 10 ke zaune a gidajen da gwamnati ta gina, tana da irin wannan tsari mai suna NEWater tun farkon shekarun 2000. Hong Kong kuwa ruwan teku take tura wa mafi yawan gidajenta don kore masai.

Me zai hana a tace ruwan teku kowa ya huta?

Kuɗi da wuta. Masana'antar Carlsbad da aka buɗe kusa da birnin San Diego na Kalifoniya a 2015 ta ci kusan dala biliyan 1, tana ba da kimanin lita miliyan 190 a rana. Ruwanta na cikin mafi tsada, kuma tsadar a takardar kuɗin ruwan kowa take bayyana. Garin da ke nesa da teku ma ba ya cikin wannan zance.

Shin a sare bishiyoyi a daina shuka komai a harabar gidajen?

Kada a kuskura. Ciyawar ado daban, bishiya daban. Jihar Nevada ta yi doka a 2021 ta hana shayar da ciyawar da ba a taka ta sai kallo da ruwan kogin Colorado a yankin Las Vegas, amma bishiya inuwa take bayarwa, tana rage zafin gini. Fari da tsananin zafi tare suke zuwa, kuma unguwannin talakawa su ne suka fi ƙarancin inuwa. A zaɓi irin da ya saba da ƙasar wurin, a shayar da shi ta bututun ɗigo ko da ruwan wanka.

Idan ana muhawara a kan wani sabon aikin gidaje, me ya kamata mutum ya tambaya?

Ya nemi lambobi. Lita nawa aikin zai ci a rana, kuma kashi nawa ke nan na abin da garin ke amfani da shi? Sau da yawa amsar kan ba masu adawa kunya. Daga ina ruwan zai fito, kuma an gwada lissafin da shekaru uku ko huɗu na fari a jere, ko da shekarar damina mai albarka kawai? Su wa ke kan gaba a jerin manyan masu cin ruwa a garin, me aka nema daga gare su? Wa zai biya kuɗin gyara bayan an miƙa makullai?

Sai tambayar da hukumomin ruwa ba sa son ji: nawa ke zubewa a hanya kafin ya kai famfo? A Ingila da Wales kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da aka tace yana ɓacewa ta yoyon bututu. A birnin Mexico ana ƙiyasta asarar da kusan kashi 40 cikin ɗari. Birnin da ke tura lita miliyan 500 a rana yana asarar kashi 20, idan ya toshe kashi ɗaya cikin goma na yoyon kawai, ya samu lita miliyan 10 kullum. A kan lita 110 ga kowane mutum, wannan ya ishi mutane fiye da 90,000.